Amsa a Sama ko a Ƙasa: Yadda Ake Mayar da Imel a Ofisoshin Challawa

Wanda ya bi hanyar Panshekara ya karya zuwa rukunin masana'antu na Challawa, a Ƙaramar Hukumar Kumbotso, tireloli da warin jima ne za su fara tarbarsa. A nan da Sharaɗa da Bompai manyan majemun Kano suke, inda ake sarrafa fatun awaki da na tumaki a tura su Italiya da Sifen da Sin. Amma kafin kwantena guda ta fita daga ƙofar kamfani ta kama hanyar Legas, tafiyar wajen kilomita 1,000 zuwa Apapa ko Tin Can, an riga an sha rubuce-rubuce a kanta. Ga mai saye a ƙetare, ga banki da fom ɗin NXP na fitar da kaya, ga ejan mai fito a tashar jiragen ruwa, ga kamfanin jirgi, ga mai kawo sinadaran jima. WhatsApp ya kwashe hirar yau da kullum, amma farashi da adadi da ranar lodi da lambar asusu, kowa a imel yake son ya gan su, domin can za a koma ranar da gardama ta tashi.

Akawun da ke zaune gaban kwamfuta a irin waɗannan ofisoshi an koya masa rubuta wasiƙa tun yana makaranta: adireshi, kwanan wata, gaisuwa, sa hannu. Abin da ba a cika koya wa kowa ba shi ne inda zai ajiye amsarsa bayan ya danna Reply, da yadda zai yi da tsohuwar wasiƙar da ke biye da ita. Abu ne da ake rainawa, alhali a kansa ake asarar kwanaki, wani lokaci har da maƙudan kuɗi.

Hanyoyi uku

Hanya ta farko ita ce amsa a sama. Mutum ya rubuta nasa a can bisa, tsohuwar wasiƙar kuma ta biyo baya dungurungum, tare da duk waɗanda suka gabace ta. Wannan ita ce ta cika ofisoshi a yau.

Ta biyu amsa a ƙasa: a bar abin da aka rubuto a sama, a datse shi ya rage daidai buƙata, sannan a sa amsa a ƙarƙashinsa, yadda mai karatu zai fara ganin tambaya kafin jawabinta.

Ta uku amsa a tsakani. A nan ana raba wasiƙar da ta zo gida-gida, kowace tambaya a bar ta a layinta da alamar > a gabanta, amsarta kuma ta zauna a ƙarƙashinta kai tsaye.

Tun 1971, lokacin da Ray Tomlinson ya aika saƙon imel na farko tsakanin kwamfutoci biyu a Amurka, har zuwa tsakiyar shekarun 1990, yawancin masu amfani da imel injiniyoyi ne da mutanen jami'a. Layin sadarwa ba shi da sauri, wurin ajiya kuma da tsada, don haka suka saba da datse magana da amsa ta gaɓa-gaɓa. A watan Oktoban 1995 aka fitar da wata takardar ladubban intanet mai lamba RFC 1855, wadda Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta tsara. Shawararta ita ce mai amsa ya taƙaita abin da aka rubuto masa a farkon amsarsa, ko ya ɗauko daidai abin da zai sa a gane inda aka dosa, kada ya kwaso wasiƙar gaba ɗaya. Masu gina manhajar Linux har yau a kan haka suke.

Ofisoshi kuwa wata hanya suka bi. Outlook, wanda Microsoft ya fitar a 1997, yana ajiye 'yar sandar rubutun nan mai ƙiftawa a saman tsohuwar wasiƙa. Gmail da ya zo a 2004 shi ma haka yake yi, har ya ƙara da ɓoye tsohon rubutu a bayan ɗige-ɗige uku. Wayoyin hannu suka zo suka ƙarasa. Mutane ba zama suka yi suka zaɓi amsa a sama ba, inda na'ura ta ajiye su nan suka fara rubutu. Gwanin akawu shi ne wanda ke duba irin wasiƙar da ke gabansa kafin ya zaɓi hanya.

Tambaya huɗu, amsa ɗaya

A ɗauka misali. Wani mai saye a Solofra, garin majema da ke kudancin Italiya wanda ya yi suna wajen fatar tumaki da awaki, ya rubuto wa wata majema a Challawa. Cikin wasiƙarsa akwai tambayoyi huɗu. Kun yarda da tayin da muka yi? Za ku iya ƙara yawan fata lamba biyu? Za a yi lodi kafin ƙarshen wata? Sannan, cinikin nan a bisa sharaɗin CIF Napoli ne?

Manaja ya karanta a waya yana tsakar zagayen masana'anta, ya ce wa akawu a amsa musu an amince, yana nufin farashi. Akawu ya danna Reply, ya rubuta a sama: "Mun amince, mun gode." Ya aika.

A can Solofra an ga amincewa a saman tambayoyi huɗu, an ɗauka duka huɗun ta shafa. Ta huɗun ce mai tsada. A ƙa'idojin ciniki na duniya da ake kira Incoterms, idan aka ce FOB Legas, nauyin mai sayarwa ya ƙare da zarar kaya sun hau jirgi. Idan kuwa aka ce CIF Napoli, shi zai biya kuɗin jirgi da inshora har tashar Napoli. Majemar da ta yi lissafinta a kan FOB ta wayi gari da rubutacciyar amincewa da CIF a hannun mai saye. Ko da an warware daga baya, sai an sha musayar wasiƙu, an ɓata kwanaki, kuma amana ta ɗan girgiza.

Ga yadda amsa a tsakani za ta fito. Da Turanci ake irin wannan rubutu, amma fasalin ɗaya ne a kowane harshe:

> Kun yarda da tayin da muka yi?

Mun yarda da farashin lamba ɗaya. Na lamba biyu sai an ƙara senti 5 a kowane murabba'in ƙafa.

> Za ku iya ƙara yawan fata lamba biyu?

Za mu iya, amma ba a wannan kwantenar ba, sai a ta gaba.

> Za a yi lodi kafin ƙarshen wata?

Kaya za su bar Challawa ranar 20 ga Maris. Ranar tashin jirgi sai ejan ɗinmu na Apapa ya tabbatar, za mu sanar da ku gobe.

> Cinikin nan a bisa sharaɗin CIF Napoli ne?

A'a. FOB Legas ne, kamar na baya.

Kamar yadda mai tantance fata yake jefa kowace a tulinta, lamba ɗaya nan, lamba biyu can, haka wannan tsari yake kai kowace amsa gurbinta. Yana da wani amfani kuma ga shi kansa mai rubutun: tambayar da ba a amsa ba za ta tsaya tsirara a gabansa, babu komai a ƙarƙashinta, dole ya gan ta. Da akawun nan ya bi wannan hanya, yana isa tambaya ta huɗu zai tashi ya je ya tambayi manaja.

Yadda ake yi a aikace

A Gmail na kwamfuta, bayan an danna Reply, sai a taɓa ɗige-ɗige ukun da ke ƙasan akwatin rubutu, tsohuwar wasiƙar ta bayyana. A kai sandar rubutu ƙarshen tambaya ta farko, a danna Enter, a rubuta amsa, a wuce ta biyu. Gaisuwar mai rubutowa, da sa hannunsa, da tambarin kamfaninsa, da dogon gargaɗin lauyoyi da ke ƙasa, duk a goge.

A Outlook tsohuwar wasiƙa tana fitowa ba tare da wata alama a gefe ba, sai dai cikin saituna akwai inda ake umartar sa ya riƙa sa alamar > a farkon kowane layi. Wasu sukan bambanta amsarsu da jan rubutu ko shuɗi. Wannan yana aiki a allo, amma da zarar an buga takardar da baƙar tawada domin fayil ɗin banki, launi ya tafi, ba a san maganar wa ce ba. Wanda zai yi amfani da launi ya haɗa da sa sunan kamfaninsa a farkon kowace amsa.

A waya aikin yana da wuya, yatsa ba ya faɗawa inda ake so. Mafita ita ce a rubuta a sama amma a jera da lamba, kowace amsa ta ɗauko kan tambayarta: na ɗaya, farashi, na biyu, adadi, na uku, ranar lodi, na huɗu, sharaɗi.

Abu guda kada a manta. Wanda ya saba da amsa a sama, idan ya buɗe bai ga komai a can ba, yana iya ɗauka an aiko masa da fanko. Don haka a fara da layi ɗaya: amsoshinmu suna ƙasa, kowace a ƙarƙashin tambayarta.

Inda amsa a sama ta fi

Ba kowace wasiƙa ke buƙatar rabawa ba. Idan tambaya ɗaya ce, ko ana so ne kawai a tabbatar saƙo ya iso, ko mai karantawa babba ne da zai duba a waya tsakanin taro da taro, amsa a sama ta fi sauƙi ga kowa. Sharaɗinta ɗaya: ta tsaya da ƙafarta. "To" kaɗai ba amsa ba ce, haka ma "an gani". A rubuta cikakkiyar jimla da wanda bai karanta na ƙasa ba zai fahimta: mun karɓi takardar shaidar biyan kuɗin kwantena ta biyu, za a fara lodi ranar Talata.

Barin tsofaffin wasiƙu a ƙasa shi ma yana da ranarsa. Idan za a shigo da jami'in banki ko ejan cikin maganar da aka riga aka yi nisa, jerin zai ba shi labarin tun daga tushe. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotunan Najeriya damar karɓar takardun da suka fito daga kwamfuta idan an cika sharuɗɗansa, saboda haka imel ba hira ba ce da iska za ta kwashe. Sai dai a sani cewa rubutun da ke biye a ƙasan amsa kowa na iya gyara shi kafin ya aika. Abin dogaro shi ne ainihin saƙon da ke cikin akwati, shi ya sa ba a goge wasiƙun ciniki don kawai ana ganin kwafinsu a jelar wata.

Jelar da ke tona asiri

Babban haɗarin amsa a sama yana can ƙasa inda ba mai dubawa. Akanta ya rubuta wa manaja: "Ranka ya daɗe, dillalin Sakkwato ya sauko mana da farashin ɗanyar fata, ko mun rage wa Bature kaɗan da sauran riba." Manaja ya ji daɗi, ya danna Reply, ya ƙara adireshin mai saye, ya rubuta sabon tayi a sama. Gmail ya naɗe maganar akanta a bayan ɗige-ɗige uku, manaja bai gan ta ba. Mai saye ya taɓa ɗige-ɗigen, ya karanta komai. Daga ranar ya san iyakar inda majemar za ta iya sauka.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk lokacin da za a ƙara sabon suna cikin wasiƙa, ko za a tura ta gaba, a buɗe jelar a karanta har ƙarshe. Maganar cikin gida ba ta haɗa jeri da maganar baƙo. Idan an gama shawara a ofis, a koma kan wasiƙar mai saye ta asali a amsa daga can, ko a buɗe sabuwa fil.

Akwai kuma bambanci tsakanin Reply da Forward da ke yawan kayar da mutane. Reply ba ya ɗaukar takardun da aka maƙala wa wasiƙar farko, Forward ne ke ɗauka. Akawu ya ƙara ejan cikin amsa ya ce a duba takardar lissafin kaya da ke ƙasa, ejan ya duba bai ga komai ba, an rasa yini guda.

Sabuwar magana kuma sabon take take so. Wasu idan za su rubuta wa mutum sai su nemo tsohuwar wasiƙarsa su danna Reply don gudun rubuta adireshi, sai batun odar bana ya shige ƙarƙashin taken kayan bara. Manhajar imel tana ɗaure amsa da wasiƙar da aka amsa, don haka sabon batun yana iya nutsewa cikin tsohon jeri. Take mai kyau yana ɗauke da abin da za a nema da shi bayan wata shida: lambar oda, ko lambar kwantena mai haruffa huɗu da alƙaluma bakwai.

Wa za a sa, wa za a bari

Layin To na wanda ake jiran ya yi aiki ne, Cc kuma na wanda ake so ya sani kawai. Idan aka jera mutum biyar a To, kowa zai zuba wa ɗan'uwansa ido. Tun da aka ƙaddamar da tashar kan tudu ta Dala a Zawaciki a watan Janairun 2023, a ƙaramar hukuma ɗaya da Challawa, mai fitar da kaya yana iya samun kansa da mutane a Kano da Legas cikin wasiƙa guda. A irin wannan, a ambaci sunan kowa da aikinsa a jikin rubutun: Malam wane ya tura fom, Hajiya wance ta tabbatar da biya.

Reply All yana da amfani idan duk waɗanda ke ciki suna buƙatar amsar. Idan manaja ya tambayi ejan ranar tashin jirgi ya sa akanta a Cc, ejan ya amsa wa manaja shi kaɗai, an bar akanta a duhu. Amma godiya da "Allah ya sa alheri" ba sa buƙatar zagaya mutum talatin. A watan Nuwamban 2016 an yi kuskuren aika wani saƙon gwaji ga ma'aikata kusan 840,000 na hukumar lafiya ta Ingila. Wasu suka riƙa danna Reply All suna cewa a cire su, kowace amsa ta sake zagaya kowa, saƙonni suka kai miliyoyi, imel ɗin hukumar ya cushe.

Sanarwar rufe masana'anta don hutun Sallah, ko ta sabon farashi, idan za ta tafi ga abokan ciniki da yawa, a sa adireshinsu a Bcc. In ba haka ba kowane mai saye zai ga sunayen abokan gasarsa, kuma an raba adireshin mutane ba da izininsu ba, abin da bai dace da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ba. Wanda aka sa a Bcc shi ma ya kula: yana danna Reply All, ya tona cewa a ɓoye aka sa shi.

Sa maigidan mutum a Cc tun a wasiƙar farko, don a nuna masa gazawar yaronsa, yana ɓata zumunci. A fara tuntuɓar mai aikin, idan an ji shiru sannan a hau sama.

A duba adireshi kafin a amsa

Ɓarayin intanet sun san mutane sun yarda da jela. Sukan kutsa akwatin wani a kamfani, su yi shiru suna karanta ciniki har ya kai gaɓar biya. Sannan su buɗe adireshi mai kama da na gaskiya, harafi ɗaya ya bambanta, misali r da n a manne a madadin m, ko lamba 1 a madadin harafin l. Su kwafo jerin wasiƙun gaba ɗaya su liƙa a ƙasa, a sama kuma su rubuta: asusunmu ya sami matsala, a biya ta wannan. Mai karɓa ya ga maganganunsa na jiya a ƙasa, hankalinsa ya kwanta, ya danna Reply. Daga nan da ɓarawo yake magana.

Manya ma sun faɗa irin wannan rami. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya yi shigar kamfanin Quanta Computer na Taiwan, ya riƙa aika takardun neman biya na bogi ta imel, ya karɓe sama da dala miliyan 100 daga Facebook da Google. A 2019 wata kotu a New York ta ɗaure shi shekara 5. Hukumar FBI ta ce a 2023 kaɗai ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa kan damfarar imel ɗin kasuwanci sun kai asarar dala biliyan 2.9.

Ga mai fitar da kaya daga Kano, abin ya zama biyu. Kuɗi sun tafi hannun ɓarawo, ga kuma ƙa'idar Babban Banki da ke son kuɗin kayan da ba na mai ba su shigo cikin kwana 180. Kariyar ba ta da tsada. A taɓa sunan mai aikowa a ga cikakken adireshinsa, musamman a waya inda suna kaɗai ke fitowa. Duk wasiƙar da ta zo da sauyin asusu, a kira mutumin ta lambar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin wasiƙar ba. A maganar kuɗi, maimakon Reply a danna Forward a zaɓi adireshin daga ajiyayyun sunaye. Sannan a faɗa wa kowane mai saye tun farkon hulɗa cewa asusun kamfani ba ya sauyawa ta imel.

Alƙaluma, kwanan wata da agogo

A Italiya da Sifen waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓarinta, ɗigo kuma ke raba dubbai. Abin da ɗan Kano zai rubuta 1.50 su 1,50 suke rubutawa, 1.500 kuma a wurinsu dubu ɗaya da ɗari biyar ne. A adadi mai muhimmanci, a maimaita shi da kalmomi. A kuma faɗi ma'auni da irin kuɗi kowane lokaci: murabba'in ƙafa ne ko na mita, domin murabba'in mita ɗaya ya kai murabba'in ƙafa 10.76, dala ce ko yuro.

Kwanan wata ma haka. Idan aka rubuta 03/04, a Kano 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. A rubuta sunan watan, magana ta ƙare.

Agogon Italiya ɗaya yake da na Najeriya a lokacin sanyinsu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gaba da awa ɗaya. Indiya tana gaba da awa huɗu da rabi, Sin da awa bakwai. Wasiƙar da ta zo daga Sin da safe, idan aka bar ta sai bayan Azahar, sun riga sun tashi daga aiki. Masana'antun Italiya da yawa sukan rufe a watan Agusta, na Sin kuma a bikin sabuwar shekararsu, kamar yadda ofisoshin Kano ke rufewa da Sallah. A sanar da abokan ciniki ranakun tun da wuri, a kuma kunna amsa mai tafiya da kanta da ke faɗin ranar dawowa da wanda za a nema idan abu na gaggawa ne. Kwantenar da ta wuce kwanakinta a tasha kuɗin jinkiri take tarawa kullum, ba ruwanta da hutu. Idan amsa ba ta shirya ba, layi biyu sun isa a ranar: mun gani, za ku ji daga gare mu ranar Laraba.

Gaisuwa da girmamawa

Bahaushe ba ya faɗa wa magana ba sallama, kuma imel bai soke wannan ba. A wasiƙar farko a yi cikakkiyar gaisuwa. A amsa ta uku ko ta huɗu cikin yini guda, layi ɗaya ya wadatar, domin wanda ke dubawa a waya layukan farko kaɗai yake gani kafin ya buɗe.

Yaro mai amsa wa maigida yakan ji nauyin yanka maganarsa gunduwa-gunduwa, kamar yana katse babba. Maganin wannan a layin farko yake: "Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa, ga bayanin abubuwan da Alhaji ya tambaya, ɗaya bayan ɗaya." Da wannan an ba girma haƙƙinsa, an kuma hutar da Alhaji neman amsa cikin dogon zance.

Wasiƙar ƙorafi ita ta fi buƙatar natsuwa. Mai saye ya rubuto cikin fushi cewa ya tarar da yankan wuƙa da tabon kaska a fatun da aka ce lamba ɗaya ne, kuma awo bai cika ba. Rubutu da manyan baƙaƙe zalla tsawa ce a al'adar imel, kada a rama da ita. A bar amsar ta kwana idan zuciya ta hau, a ji ta bakin mai tantancewa da mai awo, sannan a bi ƙorafin gaɓa-gaɓa: abin da aka yarda da shi, abin da ake neman hotonsa, abin da ba a yarda ba da dalili. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya haura megabayit 25 a wasiƙa guda, don haka a rage girman hotuna, a sa wa kowane suna da lambar dilar da ya fito.

Abin da ofis zai iya yi a mako guda

Duk wannan ba ya buƙatar sayen komai. Manaja ya zauna da akawu da akanta su rubuta rabin shafi: wace wasiƙa ake amsawa a sama, wace a tsakani, wa ke da ikon amincewa da farashi a rubuce, wa ke kiran waya idan an zo da sauyin asusu. A shiga saitunan Gmail a ɗaga lokacin janye saƙo daga daƙiƙa 5 zuwa 30, wanda shi ne iyakarsa. A saba da barin layin To a buɗe har sai an gama rubutu an maƙala takardu, yadda saƙo ba zai kuɓuce da rabi ba. Sabon akawu kuma, kafin a ba shi akwatin kamfani, a buga masa jerin wasiƙun wata kwantena da ta riga ta tafi, a ba shi biro, ya ja layi ƙarƙashin kowace tambaya, ya nemo inda aka amsa ta da wanda ya amsa.